Ranar da Fitilar Injin Ta Kama Mini a Hanyar Makka

Mun wuce Bahra da kaɗan, a kan babbar hanyar Jidda zuwa Makka, sai na ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, kusa da allurar gudu. Siffar injin ce ƙarama. Gwaggona na zaune a baya da carbinta. Ta gama Umararta, ta zo ta yi mana kwana biyu a Jidda, ina mayar da ita masaukinsu a Misfala don ta samu sallar Isha'i a Harami. Ban san na sassauta ƙafa a kan totur ba sai da na ji muryarta.

"Lafiya dai, ɗan nan? Na ji motar ta rage gudu."

"Lafiya lau, Gwaggo. Wata fitila ce ta kama, zan duba ta."

"To, Allah Ya kai mu lafiya," ta ce, ta koma ga carbinta.

Abin da na sani game da fitilun mota a lokacin bai fi cikin cokali ba, amma ya amfane ni. Na san jar fitila, ta bakin mai ko ta zafi, ba a yi mata gardama: mutum ya gangara gefe ya kashe mota nan take. Ruwan ɗorawa kuwa gargaɗi ce. Idan ta tsaya cik ana iya lallaɓawa a ƙarasa. Idan kuma tana ƙyaftawa, to wata silinda ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, yana iya narkar da matatar hayaƙin nan da makanikan gida ke ce wa indomi, mutanen nan kuma su ce dabbat talawwus. Tawa a tsaye take, allurar zafi tana tsakiya, babu baƙon ƙara. Na koma layin dama na ci gaba a hankali.

A shingen Shumaisi, inda motoci suka yi layi, na fara jin wani abu. Da na taka burki na tsaya, sai motar ta riƙa ɗan karkarwa, allurar juyin injin ta yi ƙasa kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. Da hanya ta buɗe na taka totur, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ashe rabin amsar ke nan motar ta ba ni tun a daren farko.

Motata 'yar Japan ce, ƙirar 2012, mai silinda huɗu, ta haura kilomita dubu 200. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake kai yara makaranta, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida a cikinta ake yawo da shi. Ga wa'adin fahas ya matso, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, wanda sai da takardarsa ake sabunta istimara, takardar rajistar mota. Hankalina bai kwanta ba.

Washegari maƙwabcina ya ganni tsaye a gaban bonet. Mutumin kirki ne, ya girme ni, ya daɗe yana tuƙi a ƙasar nan. Ya ce, "Malam, kada ka ɓata kuɗinka. Cire kan batir, ka ba shi minti goma, ka mayar." Na yi hakan, fitila ta mutu, na yi masa godiya. Kwana biyu tsakani, ina cikin cunkoson safe, sai ga ta ta dawo.

Daga baya na fahimci abin da na yi. Cire kan batir ba ya gyara komai, mantar da kwamfutar motar kawai yake yi. Kuma ba lambar matsalar kaɗai ke tafiya ba. A duk lokacin da kwamfutar ta kunna fitila, takan adana yadda injin yake a daidai wannan daƙiƙar: juyinsa nawa, zafinsa nawa, gudun motar nawa, nauyin da ke kansa nawa. Wannan bayani shi ne babbar shaidar mai gyara, ni kuma na share shi da hannuna. Jinkirin kwana biyun ma yana da dalili. Ga irin wannan matsala kwamfutar ba ta gaggawa. Idan ta ga abu a tafiya ta farko sai ta ajiye shi gefe a matsayin lambar jira, sai ta sake ganinsa a tafiya ta gaba sannan ta kunna fitila.

Wani abokin aikina kuma ya ce in bar shan koren mai, wato 91, in koma jan, 95. Na sha tanki guda, babu abin da ya sauya. Waɗannan lambobi suna nuna yadda fetur ke jure matsi ne kafin ya kama da kansa. Motar da aka ƙera don 91 ba ta warkewa daga wata cuta don an ba ta 95.

Ran Asabar bayan La'asar na nufi sana'iyya, unguwar makanikai, na shiga wani shago da aka rubuta fahas kwambiyuta a ƙofarsa. Wani saurayi ya fito da na'ura, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya jona, ya dudduba bai fi minti biyu ba, ya ɗago ya ce, "Hassas oksijin." Wato sensar iskar oksijin da ke jikin salansa. Ya faɗi kuɗin sabuwa da na aiki, ɗaruruwan riyal. Na tambaye shi lambar da ta fito, ya juyo mini da fuskar na'urar: P0171. Na rubuta a bayan rasit, na biya kuɗin dubawa, na ce zan yi shawara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko bonet bai buɗe ba, kuma bai tambaye ni yadda motar ke yi ba. Da na faɗa wa maiɗakina, sai ta ce, "Idan aka sauya kuma fitilar ta dawo, wa zai mayar maka da kuɗinka?" Ba ni da amsa.

Ɗan yayana da ke karatu a nan shi ya nuna mini wata 'yar na'ura da ake sayarwa a intanet, girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, irin wadda ake kira ELM327, tana magana da waya ta Bluetooth. Kuɗinta bai kai ninki biyu na abin da na biya na dubawa ba. Da ta iso muka sauka wurin ajiye motoci bayan Magariba, ya haska mini da fitilar waya. A ƙarƙashin sitiyari, sama da inda gwiwar hagu take, akwai wani soket mai ramuka 16, sama ya fi ƙasa faɗi. Shekara da shekaru ina tuƙa motar ban taɓa lura da shi ba.

Wannan soket da harshen da yake magana da shi ana kiran su OBD-II. Asalinsa daga Amurka ne, inda jihar Kalifoniya ta matsa lamba saboda gurɓatar iska, aka wajabta shi a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar tun daga ƙirar 1996. Turai ta biyo baya da nata a 2001 ga motocin fetur. Amfaninsa shi ne lamba ɗaya tana nufin abu ɗaya ko wane kamfani ya ƙera motar. Harafin farko yana nuna ɓangare: P na injin da giya, B na jikin mota, C na ƙafafu da burki, U na wayoyin da kwamfutocin motar ke magana da juna ta cikinsu. Idan sifiri ya biyo baya, lambar ta kowa da kowa ce; idan 1 ce, ta kamfanin ce shi kaɗai. Lamba ta gaba kuma tana ƙara matsowa: 1 da 2 na awon mai da iska, 3 na wutar fulogi da fashin silinda, 4 na kayan tace hayaƙi, 7 na giya. Shi ya sa P0300 ke nufin silinda na fashi barkatai, P0302 ta ce silinda ta biyu ce, P0420 ta ce indomi ba ya tacewa yadda ake so. A motocin da ke sa ido kan tururin tanki, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, murfin tankin da yaron gidan mai bai ɗaure da kyau ba ma yana iya kawo P0455.

Muka nemo ma'anar tawa. P0171 ba ta ambaci sensa ba ko kaɗan. Cewa ta yi iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na mai. Akwai sensa a bayan matatar iska da ke auna iskar da ke shiga, kwamfuta ta lissafa man da nozul za su fesa, sannan sensar oksijin a salansa ta duba hayaƙin ta kawo rahoto ko awon ya yi daidai. Idan ta ce mai ya gaza, kwamfuta ta ƙara. Idan ta yi ta ƙarawa har ta kai iyakarta abin bai daidaita ba, sai ta kunna fitila. Ke nan sensar da aka ce in sauya, mai yiwuwa ita ce ma ke faɗin gaskiya.

Sai dai sanin ma'anar lamba daban, gano inda cutar take daban. Iska na iya shiga ta ɓarauniyar hanya, sensar iska na iya yin datti da ƙurar garin nan, famfon mai na iya gajiya, nozul na iya toshewa, sensar oksijin ɗin ma tana iya lalacewa da gaske. Nan ilimina da na ɗan yayana ya ƙare.

Limamin masallacin unguwarmu ne ya tura ni wurin wani dattijon makanike a kudancin Jidda. Bahaushe ne haifaffen Makka. Kakanninsa da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka yi shekaru a Sudan suna aiki suna tara guzuri, suka ƙetaro Bahar Maliya ta Sawakin. Hausarsa tas take, sai dai Larabci na faɗo mata nan da can. Na same shi bayan Isha'i, lokacin da zafi ya ɗan sassauta, zaune a kan kujerar roba, yaransa biyu na ƙarƙashin wata mota.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu ɗana. Zauna. A kawo masa shayi."

Na miƙa masa rasit ɗin da na rubuta lambar. Ya duba, ya ajiye a kan gwiwarsa.

"Na ga wannan. To, kai me motar ta gaya maka? Yaushe take taftafa, a tsaye ko a guje?"

Na ba shi labarin Shumaisi. Ya tambaya ko da safe ta fi yi, na ce e, kafin ta yi zafi. Ya tambaya ko tana rasa ƙarfi idan na taka ta sosai a babbar hanya, na ce ko kaɗan. Ya gyaɗa kai ya ce, "Tayyib. Tayar da ita, ka kawo wayar taka."

Na ɗauka zai raina 'yar na'urata. Bai raina ba. Ya ce in nemo masa layi biyu a cikin bayanan da ke motsi, waɗanda aka rubuta STFT da LTFT. Na farko, in ji shi, gyaran awon mai ne na yanzu-yanzu, yana hawa yana sauka kamar numfashi. Na biyu kuma abin da kwamfuta ta koya ne a tsawon kwanaki ta riƙe. A lafiyayyar mota duka biyun suna yawo kusa da sifiri, in sun yi nisa kada su wuce 10 sama ko ƙasa. Tawa tana silo, wato injin na aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, na dogon lokacin ya nuna +24, na gajeren yana wasa tsakanin +7 da +10.

"Ka gani? Kusan kashi ɗaya cikin uku take ƙara wa kanta. Yanzu taka totur, ka riƙe allura a 2,500."

Na riƙe. A gaban idona lambobin suka riƙa saukowa, har jimillarsu ta dawo wajen +6. Na saki totur, suka sake hawa.

Baba ya kurɓi shayinsa, sannan ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ya ce idan injin na silo, bawwaba, wato ƙofar iskar totur, kusan a rufe take, iskar da ke shiga kaɗan ce, injin kuma yana zuƙa da ƙarfi. Idan akwai 'yar ɓula a bayan ƙofar, iskar da ke satar hanya ta wurin tana da yawa in aka gwada ta da wadda aka auna, sai awo ya lalace. Da an taka totur ƙofa ta buɗe, iska mai yawa ta shigo ta halastacciyar hanya, ta ɓular ta zama ba komai ba. Da famfon mai ne ya gaji, ko sensar iska ta yi datti, akasin haka za a fi gani: a silo lafiya, a guje lambobi su haura, domin a nan ne ake buƙatar mai da yawa.

"Motarka iska take sha a ɓoye, ya waladi. Saura mu nemo ƙofar ɓarawon."

Ya buɗe bonet, ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bi da shi a hankali kewayen manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, yana kauce wa bel da fanka. Ɗaya daga cikin yaransa ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto zai fesa, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce dabara ce da ke aiki, amma shi ya taɓa ganin injin mai zafi ya kama da wuta ta haka, ba ya yarda a yi a garejinsa. Ya sa na kashe motar, suka jona wata na'ura mai hura farin hayaƙi a hanyar iska, suka toshe bakin. Muka yi shiru muna kallo. Can sai ga wani siririn hayaƙi yana tasowa daga ƙarƙashin wani baƙin tiyo mai lanƙwasa, wanda ke kwaso hucin bakin mai daga murfin saman injin ya mayar da shi manifol a ƙone, na bawul ɗin da ake kira PCV.

Ta sama tiyon lafiya ƙalau yake, ko yau aka nuna mini ba zan zarge shi ba. Baba ya sa yatsu biyu ya ɗan murɗa shi, sai cikin lanƙwasar ya buɗe baki, kamar fason dunduniya a tsakiyar hunturu. Robar ta bushe ta yi tauri, gefen tsagar ya yi fari-fari. Shekara goma da ɗoriya tana gasuwa tsakanin zafin injin da zafin Jidda.

Bai tsaya nan ba. Ya sa na sake tayar da motar, ya danne tsagar da babban yatsansa, ya ce in kalli waya. Nan take gyaran gajeren lokacin ya faɗo ƙasa da sifiri, har ya kai wajen -15, ƙarar injin ta daidaita, karkarwar ta tsaya. Ya ɗage yatsa, komai ya koma yadda yake. Sau uku ya yi haka. Ya ce wannan kuma shaida ce cewa sensar oksijin ɗin da ranta, domin matacciya ba ta amsawa da wannan saurin.

Na tambaye shi ko in je tashlih, inda ake kwance matattun motoci, in nemo na hannu. Ya ce ƙarfe ake saye a tashlih, ba roba ba, domin wadda zan samo a can rana ɗaya ta dake su da tawa. Washegari na sayo sabon tiyo na asali, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yanka mini a kan sensa ba. Yaronsa ya ɗaura cikin minti goma, ya sauya matatar iska da ta cika da ƙura, ya fesa wa sensar iska maganin da aka yi dominta, bai taɓa siririyar wayar cikinta da hannu ba.

Na ɗaga waya zan goge lambar, Baba ya ce, "A'a, bar ta. Bari motar ta ba da shaida da bakinta." Idan gyara ya yi, in ji shi, kwamfuta za ta sake gwada kanta, kuma idan ta yi tafiya uku a jere ba ta ga matsalar ba, ita da kanta za ta kashe fitilar. Gogewa kuwa tana mayar da duk gwaje-gwajen cikin motar baya, su nuna ba su kammala ba sai an yi kwanaki ana tuƙi.

Wannan magana ta ƙarshe tana da amfani ga duk mai zuwa haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, sayen mota ta hannu, kuma 'yan'uwanmu da yawa a can suke saye. Akwai masu goge lamba da safe su kai mota kasuwa da yamma, akwai ma masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya ko su liƙe ta da baƙin tef ta ciki. Wannan ha'inci ne, kuma wanda ake cuta galibi talaka ne da ya tara kuɗinsa da gumi. Kafin a tayar da mota a murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa duka. Idan ta injin ba ta cikinsu, an taɓa ta. Idan kuma aka jona na'ura aka ga babu lamba amma gwaje-gwajen sun nuna ba su kammala ba, to ba a daɗe da gogewa ko cire batir ba, sai a tambayi dalili.

Kwana biyu na yi ina tuƙi fitilar na kallona, ni kuma kowace yamma ina duba waya. Daga +24 gyaran dogon lokacin ya sauko +13, washegari +5. A rana ta uku da asuba, zan tafi masallaci, na murɗa makulli, fitilu suka kama duka, injin ya tashi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har da ita. Na zauna na ɗan jima ina sauraron silon, shiru, sitiyari ba ya ko motsi a hannuna. A makon na kai ta fahas, aka sa mata ma'aunin hayaƙi a salansa, ta wuce.

Ranar da Gwaggo za ta koma gida na je Misfala na ɗauko ta da kayanta zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz. A hanya, daidai wajen Bahra, ta leƙo ta tsakanin kujeru tana duban gaban sitiyari.

"Ɗan nan, ina fitilar nan ta rannan?"

"Ta mutu, Gwaggo. Wani ɗan tiyo ne ya tsage, an sauya."

"Alhamdu lillahi. Wa ya gyara?"

Na ba ta labarin Baba da kakanninsa da suka zo da ƙafa. Ta yi shiru, sannan ta buɗe jakarta ta ciro ƙullin yajin daddawa cikin waɗanda ta zo mana da su, ta ce in kai masa, in ce daga Kano ne. Ran Asabar bayan Isha'i na kai masa.